Kowa da makullinsa: masoyan Suwidin da ba sa haɗa gida

Zainab: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ba sai na yi dogon bayani ba, duk wanda ke zaurenmu na WhatsApp ya san abin da ya hana mu barci tun ranar Talata.

Sambo: Da asuba na tashi na tarar wayata ta cika maƙil. Har da masu saƙon murya na minti bakwai-bakwai.

Zainab: Duk a kan tsohuwar nan ta Anti Rabi.

Rabi: Ni fa magana ɗaya na yi a ƙarshen wancan shirin. Cewa na yi maƙwabciyata a Upsala, wani gari a Suwidin, ta shekara 11 da mutuminta, amma kowa da gidansa. Shi ke nan mutane suka ɗauka.

Zainab: To ai dole su ɗauka, Anti. Shekara 11, ba rabuwa aka yi ba, ba faɗa ake yi ba, kuma ba a tare ba?

Rabi: Abin da za ki fara sani, a can ba abin mamaki ba ne. Suna ma da sunansa. Särbo suke cewa. "Sär" rabe, "bo" kuma zama. Wato masu zaman rabe. Mace za ta gabatar miki da mutum ta ce ga särbo ɗina, kamar yadda za ki ce ga maigidana, babu wanda zai ɗaga gira. Sannan akwai ɗaya kalmar, wadda ta fi yawa ma, ta waɗanda suka haɗa gida ba tare da an ɗaura aure ba. Su ana ce musu...

Sambo: Anti, don Allah.

Rabi: Ai sai na faɗa, ɗana.

Zainab: Faɗi, Anti, faɗi!

Rabi: Sambo.

(dariya)

Sambo: Na san nan za a zo. Tun Talata ake turo min wannan. Wani ma da ban san shi ba ya kira ni ya ce, Malam Sambo, ashe sunanka har a dokar Turawa.

Rabi: Kuma gaskiya ya faɗa, akwai dokar. Sambolagen sunanta, ta 2003.

Zainab: Dokar Sambo! Yaya Sambo, kana da doka sukutum a Turai ba ka taɓa gaya mana ba.

Sambo: Ku saurara. Sunan nan na gado ne. Fulani suna da Dikko, suna da Sambo, suna da Yero, ɗa na biyu ake ce wa Sambo. Har mataimakin shugaban ƙasa mun yi mai wannan suna. Tun kafin Suwidin su yi tunanin dokarsu ake haifar Sambo.

Zainab: Babu mai musu. Ni dai tunanina, ranar da ka sauka filin jirginsu, jami'i ya buɗe fasfo, ya ce sunanka, ka ce Sambo, ya ce na gane, amma na wa?

Rabi: Zainab, Allah ya shirye ki. To bari in ba shi haƙuri, su a bakinsu ba Sambo suke furtawa ba, "sambu" ne.

Sambo: Kin ji ko? Sambu. Ba ni ba ne.

Zainab: A takarda dai kai ne.

Rabi: Akwai ma wata. Babban da bai bar gidan mahaifiyarsa ba, mambo suke ce masa, daga "mamma". Wanda ke zama da aboki kuma kombo.

Zainab: To ai ga ta nan. Yaya Sambo a suna sambo, a zama mambo.

Sambo: Ina gidan Hajiya kuma ina alfahari. Duk safiya sai na durƙusa na gaishe ta kafin in fita, wannan albarkar ba a saye da kuɗi.

Rabi: Wannan gaskiya ne, Allah ya ƙara mata lafiya.

Sambo: Amin. To a koma kan tsohuwa.

Zainab: Mambo ya ce a koma kan tsohuwa.

Rabi: Ke dai. To, matar nan ƙofarta na kallon tawa. Lokacin shekararta 71, shi mutumin 74. Inda muka saba shi ne ɗakin wanki. Gidajen haya na can ana da ɗakin injinan wanki na kowa da kowa a ƙasa, akwai allo da kike kama lokacinki, in kika shiga lokacin wani to kin taɓo rigima. Ni sabuwar zuwa na shiga nata ban sani ba. Maimakon ta yi fushi sai ta nuna min yadda ake yi, daga nan ta fara kira na shan kofi. Ranar farko da na shiga gidanta, a bakin ƙofa na ga silifas na namiji, an ajiye su a jere tsaf. A banɗaki buroshin haƙori biyu a kofi ɗaya. A kicin akwai wani kofi shuɗi da ta ce kada in ɗauka, nasa ne. Amma kabad ɗin kaya, duk nata ne, rigarsa ɗaya tal ke rataye.

Zainab: Rigar gaggawa ke nan.

Rabi: Ran Alhamis da yamma zai sauko daga bas da 'yar jakarsa, wani lokaci da furanni. Lahadi bayan sun ci abinci ya koma. Wani makon ita ce za ta je can. Sauran kwanakin kuma, ƙarfe tara na dare sai wayarta ta yi ƙara, ina jiyowa ta bango. Ba a taɓa fashi ba. Shi ya sa nake jin zafin masu rubuto mana cewa ai ba ƙauna ba ce, wasa ne. Na ga fuskar matar nan ranakun Alhamis. Tun azahar take gyara gashi.

Sambo: To Anti, tunda ƙaunar ta kai haka, me ya hana?

Rabi: Na tambaye ta, kai tsaye, don ni ba na iya riƙe tambaya. Ta ce ta yi aure shekara 38. Shida na ƙarshe jinyar mijin ta yi, ita ke ɗaga shi, ita ke kwantar da shi, har ya rasu. Ta ce min, na gama wankin safar namiji a rayuwata. Ina son in riƙa jiran zuwansa, ba na son in riƙa jiran ya tashi daga kan kujerata. Haka ta faɗa.

Zainab: Kai. Wannan maganar ta shige ni.

Rabi: Kuma ba ita kaɗai ba ce. Akwai masu bincike biyu a can, Klas Borell da Sofie Ghazanfareeon Karlsson, sun zauna da tsofaffi masu irin wannan zama, abin da suka tarar shi ne yawanci matan ne ke cewa a'a, kada a haɗa gida. Mazan da yawa da za a bar su da sun kwaso kayansu.

Sambo: Wannan kuma ko'ina haka ne.

Rabi: Ai shi ne. Dattijo in matarsa ta rasu, abin da ya rasa har da mai dafa masa, mai tuna masa magani. Dattijuwa in mijinta ya rasu, ta yi kuka ta share hawaye, sai ta ga karon farko a rayuwarta za ta ci abin da take so a lokacin da take so. Ba za ta mayar da wannan da sauƙi ba. Kuma abin ya daɗe yana ƙaruwa. Jan Trost, wani malamin nazarin zamantakewa a jami'ar Upsala, shi da Irene Levin 'yar Norwe, sun bi diddigin abin: a 1993, cikin waɗanda ba su da aure kuma ba sa zaune da kowa, kashi 6 cikin ɗari ne ke da irin wannan alaƙa. Zuwa 2001 sun kai kashi 14.

Zainab: Amma Anti, kuɗi fa? Haya biyu, wuta biyu, tukunya biyu.

Rabi: Yawwa, nan ne maganar take, kuma nan ne mutanenmu ba su gane ba. Ba wai 'yan Suwidin zuciyarsu daban ce ba. Ƙasar ce aka gina ta yadda babu babban da abincinsa ke hannun wani babba. Tun 1971 suka daina haɗa harajin miji da mata, kowa na biyan nasa a kan abin da ya samu. Kafin nan in mace ta fita aiki, albashinta a kan na miji ake ɗorawa, haraji ya cinye. Da aka raba sai mata suka fito aiki. A 1974 suka mayar da hutun haihuwa na uwa da uba duka, yanzu kwana 480 ne a kan kowane yaro. Ga gidajen renon yara da ƙaramar hukuma ke ɗaukar mafi yawan nauyinsu. To macen da ta yi aiki shekara 40 tana da fanshonta da sunanta. In ta tsufa ta kasa, ma'aikatan ƙaramar hukuma ne za su zo gida su yi mata wanka, su kawo abinci. Ka ga ba ta neman miji don rufin asiri. Wani masanin tarihinsu, Lars Trägårdh, yana cewa a tunanin mutanen can, ƙauna ta gaskiya sai tsakanin mutum biyu da babu mai dogara da wani.

Sambo: Mu kuma a nan dogaron shi ne ƙaunar.

Rabi: Ka faɗi daidai. Mu in mutum ya ce ba ya buƙatarka, zagi ne. Su in ya ce ba ya buƙatarka amma ya zaɓe ka, yabo ne mafi girma. Bari in ba ku wani labari da zai nuna muku yadda doka ke juya su. A da akwai fanshon da ake ba matar da mijinta ya rasu. Aka ce daga 1990 za a soke, amma matan da suka kai wasu shekaru, in dai suna da aure kafin 1989 ta ƙare, haƙƙinsu na nan. Kun san me ya faru? A Disambar 1989 kaɗai an ɗaura aure kusan 64,000. A sauran shekaru Disamba ba ta wuce 3,000.

Zainab: Innalillahi! Duk sambo-sambon ƙasar suka ruga.

Sambo: Zainab.

Zainab: Ban kira sunan kowa ba, Yaya.

Rabi: To kun ga mutane ne masu lissafi. Haka ma särbo, akwai lissafi a ciki. Mai ƙaramin fansho ana ba shi tallafin kuɗin haya, amma da zarar kun haɗa gida sai a haɗa kuɗin shigarku a lissafa, tallafin ya ragu ko ya tafi. Sannan gidan haya kansa. A Sitokholm, babban birninsu, layi ake bi, matsakaicin jira wajen shekara 9, tsakiyar gari ya fi haka nesa. Mace ta jira shekarun nan ta samu gida da sunanta, sai ka ce ta saki ta dawo naka? In kuka ɓata bayan shekara biyu ta koma ina?

Zainab: Ƙarshen layi.

Rabi: Ƙarshen layi. Sai kuma masu yara, don ba tsofaffi kaɗai ba ne. A can in iyaye suka rabu, sau da yawa yaro mako ɗaya yake yi wajen uwa, mako ɗaya wajen uba. To uwar ba za ta iya nisa da makarantar yaran ba, sabon mutumin nata shi ma yana da nasa yaran a wata unguwa. Sai su ce makon da yara ba sa nan namu ne, makon da suke nan kowa ya ji da nasa. Wata abokiyar karatuna haka take yi, ta ce ba za ta sa 'yarta mai shekara 13 ta tashi da safe ta tarar da baƙon namiji a kicin ba.

Sambo: Anti, duk na ji, amma ni dai dole in faɗi abin da rabin masu saurarenmu suka rubuto. Wannan fa ba aure. Namiji yana kwana gidan mace daga Alhamis zuwa Lahadi, babu waliyyi, babu sadaki, babu shaidu. A addininmu an san sunansa. Kada a ce mun zauna muna yi masa kwalliya.

Rabi: Ɗana, babu wanda zai ji na halatta wannan. Ni musulma ce, na san haddi. Ita ma matar na gaya mata a wurinmu ba a yin haka sai da aure, ta ce ta fahimta. Kuma can fiye da rabin yaran da ake haifa iyayensu ba su da aure, ka ga hanyarsu daban tamu daban. Amma tambaya biyu ce mutane suka cakuɗa. Ta farko, an ɗaura ko ba a ɗaura ba. Ta biyu, dole ne sai an kwana ƙarƙashin rufi ɗaya kullum? Ta farko ba mu da ja a kanta. Ta biyu kuwa, ku tambayi kakanninku. Zainab, ba ki taɓa jin auren ɗauki-sandarka ba?

Zainab: Na ji! Wallahi gwaggon babanmu shi ta yi. Wasu na cewa auren takalmi.

Rabi: Ko je-ka-da-kwarinka. Duk abu ɗaya ne.

Zainab: Mijinta ya rasu ya bar ta da gida da yara biyar, tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Wani dattijo ya nema, ta ce ta yarda amma ba za ta tare ba, ba za ta bar marayu da kaskonta ba. Aka ɗaura. Ranar kwananta bayan isha'i sai ka ji sallamarsa da 'yar fitilarsa, da asuba daga masallaci ya wuce gidansa. Mu muna yara muna ce masa Baba Mai Tocila.

Rabi: Kin gani? Dalilin gwaggonku da dalilin maƙwabciyata, in kika aza su a faifai, kusan ɗaya ne. Mace ce da ta riga ta yi zaman aure ta san ɗacinsa da zaƙinsa, tana da gida, tana da abin hannunta, tana son abokin hira da mai cewa ya jiki, amma ba ta son ta koma amarya mai neman izinin inda za ta ajiye tukunya.

Sambo: Amma gwaggonsu matar aure ce cikakkiya.

Rabi: Nan ne bambancin, kuma ba ƙarami ba ne. Ranar da Baba Mai Tocila ya rasu, gwaggo ta yi takaba, kuma ta shiga cikin tumunin gado tare da sauran matansa, ko da ba ta taɓa kwana gidansa ba. Särbo kuwa a dokar Suwidin ba kowa ba ce. Ba ta gado. Kai, ko sambo ma da suka shekara 30 a gida ɗaya ba sa gadon juna sai in an bar wasiyya. Abin da dokar 2003 ta ba su kawai, in an rabu a raba gida da kayan ɗakin da aka saya don zaman tare. Kuɗin banki da mota ba sa ciki. Kuma sai ka nema cikin shekara ɗaya.

Zainab: To ita särbo ko cokali babu.

Rabi: Ko cokali. Wasu ma abin da suke so ke nan, don kada 'ya'yan kowa su ga kamar an zo cin gadon ubansu. Maƙwabciyata ma ta ce min 'ya'yansa sun fi sakin jiki da ita saboda sun san ba ta neman komai. Amma bari in gaya muku abin da ban faɗa ba a wancan shirin. Shekarata ta ƙarshe a can, a watan Nuwamba, mutumin ya samu shanyewar ɓarin jiki. Alhamis ta zo, bas ya tsaya, bai sauko ba. Ɗansa ne ya kira ta, sai washegari.

Zainab: Sai washegari?

Rabi: Sai washegari. Ba mugunta ba ce, a ruɗe yake, ya kira 'yan'uwansa, ita ta zo daga baya a tunaninsa. Wannan daren ta ƙwanƙwasa min ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce wayarsa na ta ƙara ba a ɗauka. Muka zauna a kicin ɗinta, kofin nan shuɗi yana kan tebur ta riga ta fito da shi. Lokacin sanyi ne, a Disamba ma kafin ƙarfe uku na rana gari ya yi duhu. Bayan an sallame shi daga asibiti aka zauna maganar inda zai koma. Ɗan ya tambaye ta ko za ta karɓe shi. Ta ce a'a.

Sambo: Subhanallah. Bayan shekara 11?

Rabi: Ni ma abin da na ce ke nan a raina, har na yi kwana biyu ina jin haushinta. Amma ku ji. Aka mayar da shi gidansa, ma'aikata na zuwa sau huɗu a rana. Ita kuma kullum, ba Alhamis kaɗai ba, kullum, sai ta hau bas biyu cikin ƙanƙara ta je. Ta karanta masa jarida, ta aske masa gemu, ta zauna har ya yi barci, ta dawo. Ta ce min, in na ɗauko shi zan zama mai jinyarsa, a wata shida zan fara ƙosawa da shi, na san kaina, na taɓa yi. In ina zuwa, zan ci gaba da zama wadda yake murnar gani. Har na baro ƙasar ba ta yi fashin kwana ɗaya ba.

Zainab: Ni kam ban san me zan ce ba.

Sambo: Ni dai a ce mahaifina ne, ba zan so ma'aikaci ya yi masa wanka ba alhali muna raye.

Rabi: Ni ma haka, ɗana. Amma ka tambayi kanka, a gidajenmu wa ke yin wankan? Ba ɗan ba ne yawanci. Matar ce, ko 'yar, ko surukar, kuma babu mai tambayarta ko ta gaji. Ni abin da ya tsaya min ke nan. Kuma ba na cewa tsarinsu ba shi da ciwo. Gida 4 cikin 10 a ƙasar mutum ɗaya ne a ciki. Na ga tsofaffin da ba su da ko mai zuwa ran Alhamis ɗin. A benenmu akwai wani da in ban da...

Zainab: Anti, yi haƙuri, ana ɗaga min hannu, lokaci ya tafi. Kuma mun ce za mu karanta saƙonni, mu yi ƙuri'ar nan ta ko za ki yarda da ɗauki-sandarka.

Sambo: Saƙo ɗaya dai, na baiwar Allah nan daga Maraɗi, mijinta direban babbar mota...

Zainab: Ba zai yiwu ba, Yaya, ga kiran magariba can. Hajiya ta Maraɗi ki yi mana afuwa, mako mai zuwa da naki za mu fara. Ƙuri'ar kuma za mu sa a zaure. Anti, labarin mutumin benen fa?

Rabi: Ku tuna min, yana da tsawo.

Zainab: To jama'a, daga ni, da Anti Rabi, da mai doka a Turai...

Sambo: Sambu aka ce. Anti, gaya mata.

Rabi: Ku tashi mu yi salla.